Allurar Roshni Ko Man Likita

Assalamu alaikum. Wata baiwar Allah ta tambaya a ƙarƙashin rubutuna me ya shigo da dattijo cikin 'yan mata masu labarin soyayya. 'Yata, ba ni da inda zan kai maganar nan ne. A shago ba ta faɗuwa, a ƙofar masallaci ba ta faɗuwa, matar da nake gaya wa komai kuma tana ƙasa. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya, kuma yatsuna sun fi haruffan wayar nan girma.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mushtaƙ, gyaran fanka da injin sanyaya ɗaki nake yi a nan Multan. Haihuwa ɗaya Allah ya ba ni. Ranar suna na yanka awaki biyu kamar yadda ake yi wa ɗa namiji, na raɗa suna Sarfaraz. Yau sunan da take amsawa Sanobar. Faɗan da aka yi da kukan da aka sha kafin mu zo nan, wannan dogon zance ne, ba na yau ba.

A rubuce ina iya cewa "ita". A baki kuwa harshena ya ƙi juyawa. In na ce mata "kai" sai in ga fuskarta ta mutu, in na yi niyyar cewa "ke" sai in ji kamar duk unguwa ta kasa kunne. Sai na fake da puttar, kalmar da muke kiran ɗa da 'ya da ita duka. "Puttar, an ci abinci? Puttar, a rage ƙarar wayar nan." Haka muke zaune, kamar ina magana da wani na uku da ba ya ɗakin.

Tun bara take ganin wata likita, Dakta Farhat, a wani asibiti da ba zan faɗi sunansa ba. Ni na kai ta da kaina, don na gane in ban kai ta ba za ta sayi ƙwayoyi a kasuwa ta sha yadda ta ga dama. Likitar ta tambayi ciwon da ke danginmu, na gaya mata yadda matata Nasrin ta tafi. Ƙafarta ce ta kumbura, muka ce sanyi ne muka yi ta gasawa, ashe jini ne ya daskare a jijiya, gudan ya taso ya toshe mata huhu tana tsaye tana murza gurasa. Likita ta ajiye biro ta ce to ba za a ba ta ƙwaya ba. Ta rubuta wani mai garai-garai a kwalba mai famfo, a shafa a hannu sau ɗaya a rana. Ta ce sinadarin mata ne, ta fata yake shiga a hankali, kuma a saninsu shi ya fi sauƙin haɗari ga mai tarihi irin namu.

Wata da watanni Sanobar tana shafawa. Litinin ɗin nan aka kira ta daga asibiti aka ce gwajin jininta ya fito, kuma abin da aka gani kamar ba ta taɓa shafa komai ba.

Ba ta yi kuka ba. Madubin ɗakinta ta ciro ta kifa shi a kan akwati, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Na dafa miyar wake, na aika aka sayo kindirmo mai sanyi, na yanka mangwaron da ta fi so, duk ƙudaje suka ci rabonsu. Ina kai-kawo tsakanin ƙofarta da tsakar gida da kwali a hannu ina fifita, don an ɗauke wuta tun hantsi, sai ƙamshin turare ya shigo, mai turaren ta biyo bayansa.

Roshni ce, ƙawarta. Tana cikin masu zuwa rawa da addu'a gidajen biki da gidajen suna, waɗanda suke zaune a dera, wato gidansu na taro, ƙarƙashin uwar ɗakinsu da suke kira Guru. Ta sha koriyar riga mai ƙyalli, awarwaro har gwiwar hannu, jan baki kamar ta ci barkono.

"Chachaji," ta ce, wato kawu, "kana nan da ranka? Mai gyaran fanka, gidansa kamar tanda."

"Wuta suka ɗauke."

"Kullum wuta suka ɗauke. Ina amaryar? Na ji an ce mai ya ci amana."

Ta shiga ta jawo Sanobar waje da hannu, ta zaunar da ita a gadon igiya, ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba, da ruwa mai kauri a ciki. Ta ɗaga ta sama kamar mai tallan zinariya.

"Kin ga wannan? Wancan man naki na matan Lahore ne masu kwana a ɗakin sanyi. A Multan kina shafawa gumi na wankewa, ko sauro ba zai zama mace da shi ba. Wannan kuwa sau ɗaya a ɗuwawu, ki manta da ita sai wani makon. Ba ruwanta da gumi, ba ruwanta da wanka. Dube ni nan."

Ta gyara zama ta banƙaro ƙirji. Na kalli bango.

"Ba ke kika ce tana sa ki ciwon kai ba?" in ji Sanobar, maganar farko da ta yi tun safe.

"Farkon mako kamar in tashi sama, ina son kowa, har mai yanke mana wuta. Ƙarshen mako kuma in ga kyanwa ta wuce in fashe da kuka. To sai me? Wace mace ce ba ta kuka?"

"Wane likita ya rubuta miki?" na ce.

"Likita Guru, Chachaji. Tana yi wa 'yan mata allura tun kafin a yaye Dakta Farhat ɗinku. In ɗaya ba ta yi ba, ta haɗa biyu."

Ta haɗa biyu. Ban ga komai a idona ba sai ƙafar Nasrin, yadda ta yi sheƙi kamar an hura ta.

"To ki bar mata kwalbar mu nuna wa likita."

Roshni ta yi dariya ta mayar da ita jaka. "Allurar Guru ta 'yan gida ce. Wadda ke so sai ta zo a yafa mata jan mayafi a gaban kowa, ta zama 'yar Guru, ta kwaso kayanta. Sanobar ta san wannan. Alhamis da la'asar zan zo da riksha mai ƙafa uku." Ta juya gare ta ta sassauta murya. "Ba dole ba ne, 'yar uwa. Amma ke kika ce min ba ki da lokaci."

Kada ku ɗauka ina zagin mutanen dera. Su suka riƙe 'ya'yan da iyayensu suka watsa wa kaya a titi, Roshni kanta haka aka yi mata. Amma ni ban kori tawa ba. Me ya sa za ta tafi kamar korarriya?

Yayata Apa Kaniz tana madafa, kuma babu kalmar da ta wuce kunnenta. Ita ce ta dawo gidan nan bayan rasuwar Nasrin don ta riƙe mana tukunya. Roshni na fita ta fito tana goge hannu da gefen mayafi, ta tsaya a kaina.

"Mushtaƙ, Allah ya kawo maka mafita har gida kana ɓata fuska? Ka bar shi ya tafi inda irinsa suke. Bikin 'yata Rubina bayan Babbar Sallah ne, surukanta sun fara tambaya wane ne ke leƙowa ta taga da gyale a gidan kawunta. Me zan ce musu?"

"Ki ce musu ɗan uwanta ne."

"Ɗan uwa ko 'yar uwa? Kai kanka ba ka sani ba. Shekara guda kana 'an ci, an sha' kamar mai magana da aljani."

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar Roshni. Lokacin me Sanobar ba ta da shi?

Da magariba na sani. Batir ɗaya gare mu a gidan, a gefen gadona yake, kowa a nan yake cajin waya. Allah shaida ban buɗe wayar Sanobar ba, da kanta ta haska. Sunan Tauƙir ne a sama. Na san shi, mai ɗinkin surfani ne a kasuwa, siriri, mai ɗan ɗingishi. Shi ya ɗinka mata rigarta ta mata ta farko, ta dawo tana ba ni labari cewa bai tambaye ta komai ba sai tsawon hannu. Ashe ɗinkin ya wuce riga.

"Ammi ta ce Juma'a za ta zo ganin ki. Na ɗaga mata na ɗaga saboda ke, yanzu ta ƙi. Ta ce in ba Juma'a ba, za ta je ganin 'yar ƙanwarta a Khanewal."

Kafin in ɗauke ido wani saƙon ya shigo.

"Ki sa shuɗiyar nan mai aikin azurfa. Kin ci abinci kuwa?"

Na zauna a bakin gado. Na san babu limamin da zai ɗaura wannan aure a garin nan, ban ma san me zan ce wa Ubangijina a kansa ba, kuma har yanzu da nake rubutu ban sani ba. Amma na gane abu ɗaya. Yarinyar nan so take fuskarta ta yi laushi kafin tsohuwar ta gan ta, shi ya sa take ta ɗaga ranar tana jiran mai ya yi aiki. Mai bai yi ba. Za ta ba da gidan ubanta ta karɓi allura.

Da asuba na ƙwanƙwasa mata ƙofa kamar kullum. Tun da ta daina zuwa masallaci a tsakar gida muke sallar asuba tare, ni a gaba, ita a ɗan bayana. Famfonmu ba ya kawo ruwa da sassafe, don haka ni nake riƙe buta ina zuba mata. Tun tana ƙarama na koya mata alwala irin ta babana: hannu har saman gwiwa, a cuɗa sosai, kada a bar lam'a. Kullum sai in ga ruwa na zamewa a hannunta kamar a bayan agwagwa, in ce, "A ƙara cuɗawa, puttar, ruwa bai kama ba." Ta ƙara. Ba ta taɓa yi min musu a kan sallah ba.

Bayan mun sallame na ce, ban juyo ba, "A bari in kai a ga likita sau ɗaya kafin Alhamis."

"Ka karanta min waya, Abba."

"Haskawa ta yi."

"Kullum haskawa take yi in tana kusa da kai." Ta naɗe sallayarta. "Zan je. Amma in ta ce in ƙara haƙuri, na gama haƙuri."

Laraba muka samu ganin likita. Sanobar ta hau bayan babur ɗina a karkace, ƙafafu gefe ɗaya, ta ja gyale ta rufe haɓarta. Ta yi aski da safe har fatar ta yi ja, ta bi da hoda, zafin hanya ya narkar da hodar tun kafin mu kai gada. Ina jin yatsunta biyu kawai a kafaɗata.

Dakta Farhat mace ce gajera mai furfura a goshi, ba ta son dogon zance. Sanobar ba ta bari ta zauna ba ta ce, "A canza min zuwa allura."

"Ana iya yi," in ji likita. "Allura magani ce, ba na ƙin ta. Tana kai sinadarin jini babu tantama, ba kullum ake yin ta ba, wasu sun fi jin daɗinta. Amma hawa take da sauka, ta cika ki farkon mako ta bar ki fanko a ƙarshe. Mai kuma daidai yake tafiya, kuma saboda abin da ya sami mahaifiyarki hankalina ya fi kwanciya da shi. In ma allurar ce, ni zan auna, in riƙa duba jininki. Ba ta jakar ƙawa ba."

Sanobar ta dube ni. Na kalli fankar silin, wadda ke buƙatar mai.

"Amma kafin nan ina so in san inda man nan yake tafiya. Mutane da yawa a garin nan suna shafa shi cikin wannan zafin, yana yi musu aiki. Ina kike shafawa?"

"A hannu, kamar yadda kika ce. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Saman ba na kaiwa, sai na cire riga."

"Yaushe?"

"Kafin kiran asuba. Kafin Fuffo ta tashi." Fuffo ita ce goggonta, Apa Kaniz. "In ta ga kwalbar sai ta yini tana tsaki."

"Sai kuma me?"

"Sai in bar shi ya bushe. Kin ce a bar shi ya bushe."

"Sai kuma me?"

"Sai Abba ya ƙwanƙwasa, in fito in yi..."

Ba ta ƙarasa ba. Nan take na gane. Santsin nan da nake gani kullum. A ƙara cuɗawa, puttar.

Likita ta cire tabarau ta dafe goshi, kafaɗunta na motsi, ban sani ba ko dariya take ko takaici. "Bushewa daban, shiga jiki daban. Yana son ya daɗe a fata, awa guda ko fiye, ruwa bai taɓa ba. Ni ma da laifina, ina sallah kamar kowa amma ban taɓa tambayar ki alwala ba." Ta mayar da tabarau. "Daga yau a cinya ko a saman dantse, inda ruwan alwala ba ya zuwa, bayan kin yi wanka. Ki wanke tafin hannunki, kada ki goga wa kowa. Bayan wata uku mu sake gwaji."

"Wata uku," in ji Sanobar.

"Wata uku kafin gwaji. Jiki kuma ya fi haka jinkiri."

"Allura fa? Zuwa Juma'a?"

Likita ta dube ta da kyau. Ina jin ta gane akwai wani a bayan Juma'ar nan. "'Yata, babu allurar da ke canza fuska a kwana biyu, ko an haɗa goma. Gashin haɓa kuma ba mai ba allura ba, babu mai kawar da shi gaba ɗaya, aikinsa daban ne. Duk wanda ya ce miki ba haka ba, so yake ki ji daɗi."

A hanyar dawowa na tsaya wurin mai matse rake. Na miƙa mata kofi, ta riƙe ba ta sha ba.

"Wata nawa na zuba a kwata, Abba."

"Ni na zuba miki ruwan. Ke kin yi abin da aka ce, ni ne na..."

Na tsaya. Ta ɗago ta dube ni ta saman gyale. Ni ma na ji abin da ya fita daga bakina, "ke" na ce mata. Mai rake yana ta juya injinsa, babu wanda ya waiwayo, sama ba ta faɗo ba.

"Sake faɗa," ta ce.

"Sha rakenki kafin ya yi ɗumi."

Ta sha. Na ɗauka shi ke nan, an gano ɓarawon, magana ta ƙare. Har na fara lissafin yadda zan gaya wa Roshni ta riƙe rikshanta. Amma muna isa gida muka tarar Apa ta sauko da jakar tafiya daga saman kabad, ta kakkaɓe ta, ta ajiye a ƙofar ɗakin Sanobar da bakinta a buɗe. Har da sabulu sabo da tawul a ciki.

"Apa, mene ne wannan?"

"Taimako. Gobe Alhamis."

"Gidan nan nata ne kafin ya zama masaukinki."

Apa ta riƙe haɓa. "Nata? Yau kuma?"

Sanobar ta ɗauki jakar ta shiga da ita ɗaki ta rufe ƙofa. Na bi ta na tsaya a waje ina magana da katako. Na ce likita ta ce mai zai yi aiki, ta ce ta ji. Na ce allurar Guru ba za ta yi komai zuwa Juma'a ba, ta ce ta sani.

"To tafiyar ta mece ce?"

"Don kada in kasance a nan ranar Juma'a, Abba. Tsohuwar za ta shigo ta dube ni sau ɗaya ta nemi takalmanta, Fuffo na tsaye tana kallo. Gara a ce mata ba ta same ni ba. A dera babu wanda zai dubi haɓata."

Ina jin ƙarar awarwaro tana jera su a jaka.

Safiyar Alhamis ban buɗe shago ba. Na hau babur na yi kasuwa, na wuce layin masu ɗinki na dawo, na sake wucewa, sai a karo na gaba na iya tsayawa. Tauƙir na zaune a ƙasa ya ɗaure jan yadi a katako yana bin sa da zaren zinariya. Da ya gan ni ya miƙe da sauri har allura ta soke shi, ya sa yatsan a baki.

"Chachaji. Bismillah, zauna. A kawo shayi?"

"Ba shayi ya kawo ni ba. Mahaifiyarka ta sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta san rabi."

"Wane rabin?"

"Ta san ina son wata Sanobar, 'yar mai gyaran fanka, mai kunya, ba ta wasa da sallah."

"To ai ɗaya rabin shi ne maganar, ɗan nan."

"Na ce in ta gan ta, ta ji muryarta, ta ga hankalinta, sai in..."

"Sai ka bar yarinya ta tsaya ita kaɗai a gaban tsohuwa ta yi maka bayanin da ka kasa yi a ɗakin uwarka?" Na rage murya saboda maƙwabtansa. "Yau da la'asar za ta koma dera. Za a yi mata allurar da babu wanda ya auna, uwarta kuma daskarewar jini ce ta kashe ta. Duk don kada mahaifiyarka ta ga gashi a haɓarta."

Fuskarsa ta yi fari kamar alli. "Ni ban ce ta yi allura ba. Wallahi ban taɓa ce mata ta canza komai ba. Ni na auna ta, Chachaji, na san yadda take."

"Ni ba wallahi na zo karɓa ba. In za ka iya faɗa wa uwarka, ka faɗa yau. In ba za ka iya ba, ka rubuta wa yarinyar nan ka ce ka fasa, ta yi kukanta a gidan ubanta."

Ban jira amsarsa ba. Ina tada babur na ga yana jawo ƙofar shago, ya bar jan yadin a ƙasa. Duk hanya ina tambayar kaina, Mushtaƙ, gyara ka yi ko ɓarna? Ni da ko fanka ba na buɗewa sai na cire ta daga wuta.

Na dawo na tarar ƙofarta a rufe. Azahar ta yi, ban ci ba, ba ta ci ba. Na kwance wata tsohuwar fanka da ba ta lalace ba na sake ɗaurawa. Na leƙa lungu, na dawo, na sake leƙawa. Wayarta na kan batir, ba ta haska ba ko sau ɗaya.

Ana idar da la'asar na ji ƙarar riksha, na ji tafin Roshni tun daga bakin lungu tana tsokanar yaran unguwa. Ƙofar ɗaki ta buɗe. Sanobar ta fito da jaka a hannu, cikin tsohuwar riga ruwan toka ta zaman gida. Ba ta yi aski ba, ba ta shafa hoda ba, tun da a ganinta inda za ta babu mai dubawa. Apa ta tsaya a ƙofar madafa da ludayi. Ni na riga na tsaya a bakin zaure, ban san na tsaya ba.

"Abba, ba ni hanya."

"Ki bari wata ukun nan su cika. In mai bai yi ba, ni zan kai ki wurin likita ta yi miki allurar da hannunta. Ki zauna."

"Chachaji, mai riksha na jira," in ji Roshni daga bayana, amma ba da ƙarfi ba. Sai kuma ta ce, "Af. Kuna da baƙi."

Na juya. Wata tsohuwa ce tsaye a bayan Roshni, doguwa, cikin farin mayafi, ƙafafunta sun yi ƙura, alamar daga titi ta tako. Babu kwalin alewa a hannunta, babu furanni, babu komai na masu zuwa ganin yarinya. Tauƙir na can nesa da ita ya rakuɓe jikin bango, idanunsa jajur.

Ba ta yi min sallama ba. Ta dubi Roshni tun daga jan baki har awarwaro, ta dubi Apa da ludayinta, ta leƙa ta gefen kafaɗata.

"Ɗana ya hana ni cin abincin rana da wata magana," ta ce. "Na ce ba zan kwana da ita ba sai na gani da idona. Wace ce Sanobar a cikinku?"

Roshni ta buɗe baki, na san so take ta ce ita ce, ta ɗauke wa ƙawarta kallon nan da wasa. Na ga hannun Sanobar ya tashi zai ja gyale ya rufe haɓa. Ya kai rabi ya tsaya. Ta sunkuya ta ajiye jakar a ƙasa, a cikin gida, ta miƙe.

"Ni ce, Khala," ta ce, kamar yadda muke kiran sa'ar uwa.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta, ba ta ƙifta ba. Fuskarta ba ta nuna min komai ba, ni da nake gane ciwon inji daga ƙararsa. Daga nan ta zame takalmanta ɗaya bayan ɗaya a bakin zaure, ta ce da Roshni, "Ke, sallami mai rikshan nan, ƙararsa na hana ni ji." Ta dube ni.

"Kai ne uban? Kawo min kujera da ruwa. Sannan ka fita, kai da ɗana. Maganar ta mata ce."